Ɓacin ɗanɗano a burukutu

Burukutu giya ce ta gargajiya da ake dafawa da tsiron dawa, wani lokaci a surka da gero. A jihar Kaduna an fi yin ta a garuruwan kudanci irin su Kafanchan, Zonkwa da Kagoro, da unguwannin kudancin birnin kamar Sabon Tasha da Kakuri. Galibi mata ne ke dafawa, a sayar a ƙwarya. Barasar da ke cikinta kan kama daga wajen kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari. Tana kan tsimuwa ake shan ta, ƙwayoyin halittar da ke ciki da ransu, don haka ɗanɗanon safe daban yake da na yamma, kuma ba ta jure ajiya.

Tsami iri biyu

A giyar kwalba tsami aibi ne. A burukutu kuwa da gangan ake neman sa, sai dai iri biyu ne, kuma ba tushensu ɗaya ba. Na farko yana samuwa ne idan an bar ƙullun ya kwana bayan dahuwar farko. Ƙwayoyin Lactobacillus, dangin waɗanda ke tsamar da nono da kamu, su ke aikin. Tsami ne mai laushi, yana kuma hana ƙwayoyin ruɓa samun wurin zama. Da ya kai yadda ake so sai a mayar da tukunya wuta na sa'o'i, a kashe su. Idan aka yi jinkiri, musamman a zafin Maris da Afrilu, tsamin ya zarce ke nan; idan aka yi gaggawa, giyar ta fito lami.

Na biyu yana zuwa ne daga baya, bayan an zuba guntun tsohuwar giya mai yis (ƙwayoyin da ke mayar da sukari barasa) an bar ta kwana ɗaya ko biyu. Ƙwayoyin Acetobacter kan mayar da barasa binega, amma ba sa iyawa sai da iska. Randa mai faɗin baki da aka sha rabinta, ana ta tsoma ƙwarya ana motsawa, ƙananan ƙudaje na yawo a bakinta, ita ce gidansu. Wannan tsami ana jin sa a hanci kafin harshe, yana kartar maƙogwaro. Kaɗan daga cikinsa na daga abin da ya bambanta burukutu da pito, wata giyar dawa ta gargajiya. In ya yi yawa ba shi da magani, kuma duk wadda ta ɗebi irin giya daga wannan randa ta kai cutar tukunyar gaba.

Tarihin gano dalili

A 1876 Louis Pasteur na Faransa ya wallafa bincikensa kan giya, inda ya nuna cewa baƙin ƙwayoyin halitta ne ke ɓata ta. A 1883 Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken kamfanin giya na Carlsberg da ke Kofanhagen, babban birnin Denmark, ya ware yis iri ɗaya tsantsa, daga nan masana'antu suka bar dogaro da gaurayen iri. Wannan tsari ya iso Kaduna da masana'antar Nigerian Breweries da aka buɗe a Kakuri a 1963.

Da gwamnatin tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, masana'antun suka koma ga dawa, suka ci karo da matsalar da mata suka daɗe da sanin kanta: sitacin dawa ba ya nuna sai da zafin da ya fi na sha'ir, zafin kuma yana lalata sinadaran tsiro masu mayar da sitaci sukari. Dabarar masu dafa giyar dawa a Afirka ta Yamma ita ce su bar ƙullu ya kwanta, su tsiyaye ruwan sama su ajiye gefe, su dafa na ƙasan, sannan su sake haɗewa. Inda aka tsallake wannan, giyar kan fito da gafin ɗanyen gari, ba ƙarfi.

Sauran aibobi

Ƙauri shi ya fi saurin ganewa: an yi sakaci da muciya, ƙullu ya kama gindin tukunya ya yi ƙanzo. Bauri kan fito daga jar dawa mai yawan sinadarin tanin. Tsohuwar ganga mai tsatsa tana sa ɗanɗanon ƙarfe, ruwan famfo mai kulorin kuma yana kawo warin magani irin na asibiti, shi ya sa ake barin ruwan ya kwana a buɗe. Yauƙi aikin wasu ƙwayoyi ne, irin su Pediococcus, da ke maƙalewa a randar da ba ta wanku ba. Yis da zafi ya yi wa yawa yana fitar da barasa mai kaifi, mai wari kamar na fenti.

Warin da hasken rana ke sa wa giyar kwalba bai shafi burukutu ba, domin ba a sa mata furen hops, wanda ke ba giyar kwalba ɗaci, kuma daga gare shi warin ke fitowa.

Lafiya

Aibi biyu sun wuce batun ɗanɗano. Tsiron da bai bushe ba da damina yakan yi fumfuna, giyar ta yi warin tsumma, kuma wasu nau'o'in fumfunar suna fitar da gubar afulatoksin, wadda tafasa ba ta kawar da ita. Saiwa da hudar tsiron dawa kuma suna ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanayid. Murje su bayan shanya da doguwar dahuwa suna rage ta sosai.

Matsayin doka

Musulunci ya haramta giya. Tsarin shari'a da jihar Kaduna ta fara aiki da shi a 2001 ya shafi Musulmi, ana kuma ci gaba da dafa burukutu a yankunan da ba Musulmi ne suka fi yawa ba.