Wai mene ne "bulufirint" ɗin nan?

Kwanan nan duk ɗan siyasar da aka miƙa wa makirufo sai ya ce yana da "bulufirint": na ilimi, na noma, na tsaro. Masu fassara a rediyo kuma su ce "buri" ko "manufa", su wuce abinsu. Wannan fassarar tana ƙona mini rai, kuma sanarwar wata gasar hotuna da na gani ce ta sake tayar mini da maganar. Gasar ta masu buga hoto da hannu ce, ta tsohuwar dabarar da ake kira sayanotaif, wadda ita ce uwar kalmar.

A shekarar 1842 wani masanin taurari ɗan Ingila, John Herschel, ya gano dabarar. Sinadarai biyu masu ɗauke da ƙarfe ake haɗawa, a shafa wa takarda, a bar ta ta bushe a duhu. Sai a ɗora abin da ake so a kanta, ganye ne ko gashin tsuntsu ko fim ɗin hoto, a danne da gilashi, a shanya a rana. Bayan 'yan mintoci a ɗauraye da ruwa, ruwa zalla. Inda rana ta taɓa ya koma shuɗi mai duhu, inda abin ya rufe ya fito fari tas. A 1843 wata masaniyar tsirrai 'yar Ingila, Anna Atkins, ta fara fitar da littafinta na tsirran teku da wannan dabara, kuma shi ake ɗauka littafi na farko da aka ƙawata da hotunan da haske ya buga, ba zanen hannu ba. Ko kyamara ba ta yi amfani da ita ba.

Daga baya injiniyoyi da masu zanen gini suka ga banza ta faɗi. Sai su yi zanensu a takarda shara-shara, su ɗora a kan mai sinadarin, su sami kwafi mai fararen layuka a kan shuɗi, su miƙa wa magina. Wannan kwafin shi ne bulufirint, wato bugun shuɗi. To ka ga ba a yin sa sai an gama zane, an auna kowane bango, an san faɗin kowace ƙofa. Wanda ya ce yana da shi, ai cewa yake yi aikin tunani ya ƙare, saura a kama gini. Ka tambaye shi awo, ka ji in-ina.

Su ma masu hoton ba su tsira ba. Wani zai ɗauki hoto da waya, ya rina shi shuɗi da manhaja, ya ce ga sayanotaif. Amma wanda ya san aikin gefen takardar yake fara dubawa, inda burushi ya bar sawunsa.