Dokar Amurka kan ruwan saman da ke bin magudanan birni

Ruwan sama da tsabtarsa yake saukowa. A daji ƙasa ce ke shanye shi, ta tace shi kafin ya kai rafi. A birni kuwa kwalta da siminti da rufin gidaje sun toshe masa hanya, sai ya bi titi yana kwasar man injin da ya ɗiga, da ƙurar taya, da takin lambu, da kashin dabbobi, ya faɗa magudana. A birane da dama magudanar nan kai tsaye take zuba cikin kogi, ba a tace komai.

Dokar Tsabtar Ruwa ta 1972 ta hana zuba gurɓataccen abu cikin kogi ta bututu ko magudana sai da lasisi. Da farko masana'antu da wuraren tace ruwan najasa aka fi sa wa ido. A 1987 majalisa ta ƙara sashe na 402(p), wanda ya shigo da ruwan saman birane. Hukumar kare muhalli, EPA, ta fara a 1990 da biranen da ke da mutum 100,000 ko fiye, da wuraren gini masu faɗin eka biyar. A 1999 ta sauko kan ƙananan garuruwa da ginin da ya kai eka ɗaya.

Abin da lasisin ke nema ba ɓoyayye ba ne. Gari zai zana taswirar bakin kowace magudana, ya bi diddigin masu haɗa bututun najasa da ita a ɓoye, ya wayar da kan jama'a. Mai gini kuma zai kafa shingen yadi a gefen filinsa don taɓo kada ya gangara, ya haƙa kududdufin da laka za ta kwanta.

Me ake karewa? A rafukan kewayen birnin Siyatul an daɗe ana ganin kifin salmon nau'in koho yana juyi a saman ruwa yana haki bayan an yi ruwa, ya mutu da ƙwai a cikinsa. Sai a 2020 masu bincike suka gano sinadarin da ke kashe shi: daga maganin da ake sa wa taya don kada ta tsattsage yake fitowa. Taki kuma yana haifar da gansakuka, in ta ruɓe ta cinye iskar da kifi ke shaƙa.

Raunin dokar, a ganina, yana cikin lafazinta. Ta ce gari ya rage gurɓata "iyakar abin da zai yiwu", wannan kuwa ƙofa ce a buɗe ga mai son kasala. Ruwan saman da ke gangarowa daga gonaki ma an tsame shi daga neman lasisi. Sai dai ɗan ƙasa na da ikon kai ƙarar mai karya sharuɗɗan lasisin da kansa, bayan ya ba da sanarwar kwana 60.