Gidaje tara na halayya: ina Robin Hood zai zauna, ina Gizo?

Akwai wani zane mai gidaje tara, uku a tsaye uku a kwance, da masu son labarai ke cika shi da fuskokin jaruman fim da na littafi, sannan su shiga musu a kan wa ya dace da wane gida. Zanen yana da tarihi, kuma musun yana da amfani idan an san ƙa'idarsa.

Daga ina tsarin ya fito?

Daga wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974 ta hannun kamfanin TSR. 'Yan wasa kan zauna kewaye da tebur, kowa ya ɗauki mutum guda na ƙirƙira ya zama shi, ko mayaƙi ko matsafi ko ɓarawo. Jagora ɗaya ke jan labarin, sauran su faɗi abin da mutanensu za su yi, a jefa ƙwaya irin ta ludo ta yanke ko an dace. Wadda aka fi sani tana da fuska 20.

Da farko ɓangarori uku ne kacal: tsari, hargitsi, da tsaka-tsaki. An aro wannan rabo ne daga ƙagaggun labaran Poul Anderson da Michael Moorcock, inda duniya ke cikin yaƙi tsakanin tsari da hargitsi. A 1976 Gygax ya rubuta maƙalar da ta ƙara ma'auni na biyu, wato nagarta da mugunta, zuwa 1978 kuma gidaje tara suka tabbata a littafin 'yan wasa. Bugu na huɗu na 2008 ya rage su zuwa biyar, bugu na biyar na 2014 ya mayar da su tara.

Me gidajen suke aunawa?

Tambayoyi biyu ne, kuma kowace zaman kanta take. Ta farko: mutumin nan yana damuwa da rayuwar wasu, ko yana taka su don biyan buƙatarsa, ko yana tsakani? Ta biyu: yana riƙe da ƙa'ida da alkawari da biyayya ga na gaba, ko ransa yake bi, ko yana tsakani? Uku sau uku, tara.

Abin da ya burge ni a tsarin shi ne raba tambayoyin nan biyu. A hirar yau da kullum mukan cakuɗa su, mu ɗauka mai bin doka shi ne mutumin kirki, mai karya ta shi ne ɗan iska. Zanen ya ƙi yarda. Ya ware gida guda don mugu mai ƙa'ida, irin Darth Vader na fina-finan Star Wars, wanda ke kashe mutane cikin biyayya ga ubangidansa da sunan kawo tsari a daula. Ya ware wani don nagari mai fatali da doka. Mugu mai hargitsi, wanda aka saba ba da misalinsa da Joker, babban abokin gabar Batman (jarumi mai yaƙar masu laifi a littattafan zane da fina-finai), yana can kusurwar ƙarshe, ba ya jin kira ba ya jin tsawa.

A cikin wasan, zaɓin gida yana da wani sakamako?

A bugun farko-farko yana da shi sosai. Barden da ya yi rantsuwar tsarki dole ya zama nagari mai ƙa'ida, in ya aikata mugunta da gangan ya rasa baiwarsa. Akwai tsafin da ke gano mugu, akwai makaman da ba sa yarda da hannun wanda ba ɓangarensu ba. A bugun yanzu an sassauta wannan ƙwarai, gidan ya koma bayanin hali fiye da dokar wasa.

Robin Hood ai shi ne nagari mai karya doka, ko akwai ja?

Akwai, kuma a nan musun yake daɗi. Kusan kowa na ajiye shi a wannan gida saboda yana tare attajirai a dajin Sherwood na Ingila ya raba wa talakawa. Amma a yawancin labaran baya-bayan nan, Robin mai biyayya ne ga Sarki Richard da ya tafi yaƙi, kuma Yarima John da ke neman cin gadon sarauta ta bayan gida shi yake yaƙa. Mutanensa suna da shugaba, suna da rantsuwa, suna da waɗanda ba sa taɓawa. Wanda ya karya umarnin ɗan ƙwace don ya tsare wa sarkin gaskiya kujerarsa, anya za a kira shi maƙiyin tsari?

Kuskuren da aka fi yi ke nan: ɗaukar ƙa'ida a matsayin dokar hukuma kawai. A ganina abin dubawa shi ne, ranar da alkawarinsa da tausayinsa suka yi karo, wanne ya bi? Aiki ɗaya ba ya isa hujja, sai an ga inda yake karkata duk lokacin da aka matsa shi.

Me ya sa ba a taɓa daidaitawa a kan Batman ba?

Saboda ba mutum ɗaya ba ne. Tun 1939 marubuta masu yawa ke karɓar sa hannu da hannu. A labaran farko yana ɗaukar bindiga, har kisa yana yi. Daga baya aka ba shi ƙa'idar da ba ya tsallakewa ta ƙin kisa, amma ga shi yana fasa gidajen mutane da dare ba da izinin kowa ba. Sai an faɗi Batman na wane marubuci ake nufi kafin maganar ta yi ma'ana.

Gizo fa?

Da yawa za su sa shi a gidan mai hargitsi wanda ba nagari ba ba mugu ba, don dariya yake ba mu. Ban yarda ba. Wayon da ya yi wa giwa da dorina, ya haɗa su jan igiya kowa na zaton da Gizo yake ja, ana iya kiransa dabarar mai ƙaramin ƙarfi. Amma a tuna tatsuniyar gayyarsa: ya kira kaza, ya kira muzuru, ya kira kare da kura har zuwa zaki, yana sane cewa kowanne zai hallaka wanda ya riga shi zuwa, shi kuma ya kwashe nama. Sun zo taimakonsa ne, ya shirya musu mutuwa saboda cikinsa. Wannan mugunta ce. Ba ruwansa da tsari, ba ruwansa da rusa shi, duk wanda zai kai shi ga tuwo shi yake bi. Gidansa na mugu ɗan tsaka-tsaki ne, maƙwabcin kura, sai dai ya fi ta ƙwaƙwalwa.

Ina tsarin ya gaza?

Ya gaza wajen mutumin da ke canzawa, domin gida ɗaya ba ya ɗaukar wanda ya fara da zalunci ya ƙare da tuba. Vader kansa ya mutu yana ceton ɗansa. Gazawar da ta fi nauyi kuwa ita ce yadda tsofaffin littattafan wasan suka yi wa jinsi guda kuɗin goro, suka rubuta cewa halittun da ake kira orc da drow miyagu ne tun daga haihuwa. 'Yan wasa da dama sun ga kamar wannan da yadda ake yi wa ƙabilun mutane tambari. A 2020 kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR a 1997, ya sanar cewa zai riƙa nuna waɗannan jinsuna da halaye iri-iri kamar kowa, daga baya kuma ya cire bayanin da ke ɗora wa jinsin ɗan wasa gidan da zai zauna.