Hutun Sabuwar Shekarar Sin da Tafiye-tafiyen Kasuwanci

Sabuwar Shekarar Sin, da ake kira Bikin Bazara, ita ce babban hutun ƙasar Sin. Ana lissafa ta da kalandar gargajiya mai bin wata, shi ya sa ranarta ke yawo tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A 2025 ta kama 29 ga Janairu, a 2026 kuma 17 ga Fabrairu.

Hutun da gwamnati ta bayar a 2025 kwana 8 ne, amma ɗan kasuwar da ya dogara da wannan lissafi zai yi asara. Yawancin ma'aikatan masana'antun lardunan Guangdong da Zhejiang baƙi ne daga larduna irin su Hunan da Sichuan, kuma a wannan lokaci suke komawa gida. Tururuwar tafiyar, wadda ake kira chunyun, tana ɗaukar kwana 40, tikitin jirgin ƙasa kan yi wuyar samu. Masana'antu da yawa kan rufe na makonni biyu zuwa huɗu. Babbar kasuwar sari ta birnin Yiwu ba ta buɗewa sai wajen rana ta 12 ga watan farko na sabuwar shekarar. Ko an koma aiki, wasu ma'aikatan ba sa dawowa, sai a ɗauki sababbin hannu, kuma a nan ne ingancin kaya yakan faɗi.

Wannan ya shafi 'yan kasuwar Kantin Kwari a Kano da ke sarin atamfa da yadi daga can. Kafin hutun kowa na rige-rigen loda kwantena, kuɗin jirgin ruwa ya tashi. Wanda kayansa ba su shiga ba sai ya jira har Maris, abin da kan yi ciwo idan ƙaramar Sallah ta matso. Wanda ya sauka birnin Guangzhou a makon bikin zai tarar da shagunan sari a kulle, an manna jajayen takardun fatan alheri a ƙofofi.

Rassan bankuna da yawa da ofisoshin gwamnati suna rufe, amma biyan kuɗi ta manhajojin waya na WeChat da Alipay ba ya tsayawa. Akan mayar da wata Asabar ko Lahadi kusa da hutun ranar aiki don rama kwanakin.

Hutun Ranar Ƙasa da ke farawa 1 ga Oktoba shi ma mako guda ne, sai dai masana'antu kan dawo da wuri, gabanin baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou a tsakiyar watan.