Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsawon Yaro da Lafiyarsa: Me Abinci da Motsa Jiki Za Su Iya Yi?

Ba uwar da hankalinta ba ya tashi idan ta ga sa'o'in ɗanta sun fi shi tsawo, musamman idan dangi suka fara cewa yaron ya ƙi girma. Ga tambayoyin da iyaye suka fi yi a kan wannan batu, tare da amsoshinsu gwargwadon abin da ilimin likitanci ya tabbatar.

Shin abinci da motsa jiki na iya ƙara wa yaro tsawo, ko kuwa gado ne kawai?

Gado ne ke da kaso mafi tsoka. Nazarin da aka yi a kan tagwaye da 'yan gida ɗaya ya nuna cewa kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na bambancin tsawo tsakanin mutane daga iyaye da kakanni yake fitowa. Likitocin yara suna da wani lissafi mai sauƙi na ƙiyasta inda yaro zai tsaya: a haɗa tsawon uba da na uwa a ma'aunin santimita, a ƙara 13 idan namiji ne ko a cire 13 idan mace ce, sannan a raba gida biyu. Idan uba yana da 172 uwa kuma 160, ana sa ran ɗansu ya kai wajen 172, 'yarsu kuma wajen 160, ko da yake yaro na iya ɗara haka ko ya gaza da santimita 8 ko makamancin haka ba tare da wata matsala ba.

Abin da ke hannun iyaye shi ne su hana yunwa da cututtuka tauye tsawon da yaro ya gada, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi diddigin girman yara a ƙasashe shida, wato Brazil da Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ta fitar da ma'auninta a 2006, inda ta gano cewa yaran da suka samu nono da abinci mai kyau da tsaftataccen muhalli suna girma kusan daidai da juna har zuwa shekara biyar, ko a ina aka haife su. Saboda haka idan aka ga yawancin yaran wani gari gajeru ne, bai kamata a yi saurin cewa jininsu ne haka ba.

Ta yaya za a gane cewa yaro yana girma yadda ya kamata?

Jariri yakan zo duniya da tsawon santimita 50 ko kusa da haka. A shekarar farko yana ƙara kimanin 25, a ta biyu kimanin 12, daga nan kuma sai tafiyar ta lafa zuwa santimita 5 zuwa 7 a kowace shekara har lokacin balaga. Yaro ɗan shekara huɗu yakan ninka tsawonsa na haihuwa, wato ya kai wajen mita ɗaya.

Awo ɗaya ba ya faɗin komai, domin abin da ake son sani shi ne ko yaron yana gaba. A tsayar da shi ba takalmi a jikin bango, dugadugansa da bayansa da ƙeyarsa na taɓa bangon, a ɗora littafi a kansa a miƙe, a ja layi a rubuta kwanan wata, sannan a sake bayan wata shida. Yaron da bai kai shekara biyu ba a kwance ake auna shi, kuma wannan ya fi kyau a bar wa ma'aikatan asibiti a ranar awo ko rigakafi, su rubuta a katinsa.

Wane lokaci ne ya fi muhimmanci?

Kwanaki dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa ranar da yaro ya cika shekara biyu. A wannan ɗan taƙin ne ƙashi da ƙwaƙwalwa ke ginuwa da saurin da ba za su sake yi ba, har ma yaro yakan kai kusan rabin tsawonsa na girma a shekara biyu. Idan aka yi asara a nan, sai a samu abin da ake kira tsumburewa, wato yaro ya gaza tsawon da ya dace da shekarunsa, kuma abin da aka rasa yana da wuyar dawowa duka ko da an wadata shi daga baya. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Abin da ya sa matsalar ba ta cika tayar da hankali ba shi ne ta zama gama-gari: idan fiye da rabin yaran unguwa gajeru ne, sai ido ya ɗauka haka halitta take.

Ke nan aikin yana farawa tun daga cikin uwa. Mai juna biyu da ke zuwa awo, tana shan maganin ƙarin jini, tana kwana cikin gidan sauro, tana kuma cin abinci ta ƙoshi, ta riga ta fara gina tsawon ɗanta. Bayan haihuwa a ba jariri nonon farko mai kauri da rawaya, kada a matse shi a zubar, sannan a ci gaba da nono zalla har wata shida ba tare da ko da ruwa ba, domin nonon yana ɗauke da ruwan da yake buƙata ko a tsakiyar bazara. Shayarwa kuma ta ci gaba har shekara biyu.

Daga wata shida, me ya kamata a riƙa ba shi?

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma ba kullum talauci ne ke jawo shi ba. Abincin da aka fi fara ba yara shi ne kunu ko koko na gero ko dawa ko masara zalla, an dama shi tsararo don ya yi sauƙin haɗiya. Cikin jariri ƙarami ne, bai wuce ya ɗauki ƙaramin kofi ɗaya a zama guda ba, don haka idan aka cika shi da ruwa da ɗan gasara, yaron zai ƙoshi alhali jikinsa bai samu abin gini ba. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗebi kunun a cokali a karkata shi, idan ya zube nan take to ya yi ruwa, idan ya ɗan tsaya kafin ya sauka to ya yi daidai.

Bayan kauri sai haɗi. A soya gero da waken soya da gyaɗa, a niƙa su tare a riƙa damawa, a sa ɗan manja ko man gyaɗa, a zuba garin busasshen kifi idan da hali. Yaron da ya fara cin tuwo a tabbatar yana samun miyar da yawa, ta kuka ko zogale ko alayyafo ko kabewa, domin a cikin miya amfanin yake. Wake da awara da alale da ƙosai duk masu gina jiki ne, amma abin da ya fito daga dabba ya fi su ƙarfi wajen tsawo, saboda yana ɗauke da sinadarin zinc da na ƙarin jini a yanayin da jiki ke saurin ɗauka: ƙwai, nono, kindirmo, kifi, nama, hanta, har da fara a inda ake cin ta. Ba sai da yawa ba. Ɗan yankin hanta sau ɗaya ko biyu a mako, ko ƙwai guda a rana, yana da tasiri. Gwanda da mangwaro da karas da dankalin Hausa mai jan ciki suna ba da sinadarin bitamin A, gishiri kuma a sayi wanda aka sa wa sinadarin ayodin.

Daga wata shida zuwa takwas a ba shi abinci sau biyu ko uku a rana, daga wata tara zuwa shekara biyu sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Akwai kuma wata al'ada da ya kamata a duba. Idan aka zuba wa yara biyar tuwo a kwano ɗaya, ɗan shekara biyu yana lomarsa ta uku manyan sun suɗe kwanon, naman da ke ciki kuwa ko ganinsa bai yi ba. A ware masa nasa kwanon, wani babba ya zauna kusa da shi har ya gama.

Abubuwan da za a kiyaye kaɗan ne. Kada a ba jariri zuma kafin ya cika shekara ɗaya. Kada a ba ƙaramin yaro gyaɗa ƙwaya-ƙwaya don gudun shaƙewa, sai dai a niƙa. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna a zubar da ita, domin gubar da ke cikinta tana lahanta hanta, an kuma danganta ta da tsumburewa. Shayi tare da abinci yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarin jini, lemon kwalba da alewa da biskit kuwa suna kashe yunwa ba tare da sun gina komai ba.

An ce ƙwai yana sa yaro ya zama ɓarawo. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki?

Babu. Camfi ne, kuma ya hana yara da yawa abinci mai araha da ke cikin gidansu. A wani gwaji da aka yi a ƙasar Ekwado aka wallafa a 2017, jariran da aka riƙa ba ƙwai ɗaya kullum na tsawon wata shida sun fi takwarorinsu girma. Da aka maimaita gwajin a Malawi ba a ga irin wannan bambanci a tsawo ba, abin da ke nuna cewa ƙwai abinci ne mai kyau, amma ba shi kaɗai ke yin aikin ba.

Me ke sa ƙafafun wasu yara lanƙwashewa?

Ɗan bakan ƙafa a yaron da ya fara tafiya ba abin damuwa ba ne, yakan miƙe da kansa wajen shekara biyu zuwa uku. Amma idan lanƙwasar tana ƙaruwa, ko gwame ya yi tsanani, ko wuyan hannu ya kumbura, yaron kuma yana kukan ciwon ƙafa, to ƙashin ne ya yi laushi. A ƙasashen sanyi rashin hasken rana ke jawo wannan. A wajenmu rana ba ta yi ƙaranci ba, kuma binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna cewa yawancin irin waɗannan yara sinadarin kalsiyam ne ya yi musu kaɗan a abinci, sun kuma warke da aka ba su shi. Ana samun sa a nono da kindirmo, da ƙananan kifi da ake dakawa da ƙayarsu, da ganyen kuka da zogale. Nonon shanu a tafasa shi kafin a ba yaro.

Yaro yana ci sosai amma ba ya girma. Ina matsalar take?

Sau da yawa ciwo ne ke cinye abincin. Kowane zuwan gudawa yana tsayar da girma na ɗan lokaci, idan kuma tana dawowa a kai a kai sai hanji ya raunana ya kasa tsotse amfanin abinci. Haka tsutsar ciki da zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda suke yi. Don haka wanke hannu da sabulu kafin ba yaro abinci, da tsaftace ruwan sha, da zubar da kashin yara a masai, da raba wurin wasansu da kashin kaji da awaki, duk suna cikin aikin ƙara tsawo ko da ba a saba kallonsu haka ba. Idan gudawa ta zo a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti tare da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, kada a daina nono ko abinci, bayan ya warke kuma a ƙara masa ci ɗaya a rana na mako biyu don ya cike gurbi. A kammala rigakafi, a karɓi ɗigon bitamin A duk wata shida daga wata shida zuwa shekara biyar, da maganin tsutsa daga shekara ɗaya, da maganin kariya daga zazzaɓi da ake rabawa gida-gida da damina.

To motsa jiki fa? Wane iri ne ke ƙara tsawo?

Babu wani motsa jiki da ke tsawaita ƙashi fiye da abin da aka gada. Lilo a jikin reshe ko ja wa yaro ƙafafu ba ya ƙara komai, domin ƙashi yana tsawo ne daga wani guringuntsi da ke kusa da ƙarshensa, wanda ke rufewa bayan balaga, wajen shekara 14 zuwa 16 ga mata, 16 zuwa 18 ga maza. 'Yan wasan ƙwallon kwando ba wasan ne ya sa su tsawo ba, dogaye ne ake zaɓa tun farko.

Duk da haka motsi wajibi ne, domin gudu da tsalle suna sa ƙashi ya yi ƙwari da nauyi, suna gina tsoka, suna buɗe ciki, suna kuma kawo barci mai kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa jaririn da bai fara rarrafe ba a riƙa kifa shi a kan cikinsa yana farke, jimillar minti 30 a rana, kuma kada a bar shi a goye fiye da awa ɗaya a jere, a sauke shi a kan tabarma ya wutsil-wutsil. Daga shekara ɗaya zuwa huɗu yaro na buƙatar awa uku na motsi a warwatse cikin yini, daga shekara biyar kuma aƙalla awa ɗaya na wasan da ke sa haki da gumi. Ba a buƙatar kayan wasa na kuɗi: langa da 'yar gala-gala da tsallen igiya da gaɗa da ƙwallo a ƙofar gida sun wadatar. Abin da ke cin wannan lokaci a yanzu shi ne waya da talabijin. Jariri da ɗan shekara ɗaya ba su da buƙatar kallo sam, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Sai dai a bambanta wasa da wahala, domin ɗora wa ƙaramin yaro jarkar ruwa ko farantin talla yini guda a rana tsaka yana ƙona abincin da ya kamata ya tafi wajen girma.

Barci yana da alaƙa da tsawo?

Yana da ita, domin jiki ya fi sakin sinadarin girma a lokacin barci mai nauyi. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar awa 11 zuwa 14 har da na rana, ɗan shekara uku zuwa huɗu awa 10 zuwa 13, ɗan firamare kuma awa 9 zuwa 12.

Magungunan ƙara tsawo da na cin abinci da ake tallatawa fa?

Babu ƙwaya ko gari ko tsimi da aka tabbatar yana ƙara wa lafiyayyen yaro tsawo. Mafi haɗari su ne magungunan ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu ke ɗauke da sinadarin da ke kumbura fuska da ciki har a zaci yaro ya murmure, alhali yana raunana ƙashi da garkuwar jiki, yana kuma tsayar da tsawon da ake nema. Allurar sinadarin girma gaskiya ce, amma ƙwararren likita ne ke ba da ita ga yaran da gwaji ya nuna jikinsu ba ya samar da shi, ko masu wasu cututtuka na musamman.

Yaushe ya kamata a kai yaro asibiti?

Idan yaron da ya haura shekara huɗu bai ƙara santimita 4 a shekara ba, ko nauyin jariri ya tsaya ko ya ragu a awo biyu a jere, ko ƙaninsa ya kamo shi a tsawo, a kai shi a duba. Haka nan idan ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko igiyar awon damtse ta nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5 ga yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar, wannan tamowa ce mai tsanani da ba ta jiran gobe, kuma akwai cibiyoyin da ke ba da abincin magani na musamman dominta. Likita zai kuma duba ko akwai amosanin jini, ko ciwon zuciya ko na ƙoda, ko matsalar maƙoƙo, domin duk suna iya rage girma. A tafi da katin rigakafin yaron da awon da aka riƙa rubutawa a gida, a kuma san tsawon uwa da na uba, domin su ne abubuwan da za a fara tambaya.