Kafa kamfani a ƙasar waje don sayen gida: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tambayoyin nan kullum su ke nan, mai tambayar ne kawai ke canzawa. Na tara su wuri guda, duk wanda ya sake aiko min da ɗaya daga ciki nan zan turo shi.

Dole ne sai na kafa kamfani kafin in sayi gida a wata ƙasa?

A'a. A Birtaniya da Faransa da galibin jihohin Amurka baƙo na saye da sunansa. A Dubai ma haka tun 2002, in dai a unguwannin da aka ware wa baƙi ne. Wanda ya ce maka dole, tambaye shi wa zai yi rajistar, kuma nawa zai karɓa.

Kamfanin zai sama min izinin zama?

Takardar rajista ba biza ba ce. Ko bizar masu sayen gida ma ja da baya take yi: Fotugal ta cire gidaje daga tsarinta a 2023, Sifaniya ta rufe nata a Afrilun 2025.

Ina son kada sunana ya fito.

Me kake ɓoyewa, Alhaji? Ko ma mene ne, ka makara. Tun da takardun Panama suka fallasa masu ɓoye dukiya a bayan kamfanoni a 2016 kan mage ya waye. Daga 1 ga Agusta 2022, kamfanin waje da ke da fili ko gida a Birtaniya sai ya bayyana ainihin masu shi a rajista, in ya ƙi ba zai iya sayar da gidan ba, ba zai iya jinginar da shi ba. Faransa kuwa kashi 3 cikin 100 na darajar gidan take karɓa duk shekara daga kamfanin da ya ƙi faɗin masu shi. Kafin ma a kai nan, bankin da zai buɗe maka asusu sai ya ga fasfonka, ya kuma ji inda kuɗin suka fito.

Kanada ta hana baƙi sayen gida. In bi ta kamfani?

Sun riga ka tunani. Dokar da ta fara aiki 1 ga Janairu 2023 ta haɗa har da kamfanonin da baƙi ke juyawa.

Ƙasar ta ce sai ɗan ƙasa ya riƙe mafi yawan hannun jari. Ina da amintaccen aboki a can, in sa sunansa?

To, wannan ita ce tambayar, kuma ba zan iya yanke maka ita da kalma ɗaya ba.

A Tailan baƙo ba ya mallakar fili, kamfanin da zai riƙe fili kuma sai kashi 51 nasa na hannun 'yan ƙasa. A Filifin kashi 60 ne, kundin tsarin mulkin 1987 ya faɗa. Saboda haka dillalai suka ƙirƙiro dabara: kai ka zuba kuɗin duka, a rubuta sunan wani a kan kason 'yan ƙasa, shi kuma ya sa hannu a takardar miƙa hannun jari da ba a rubuta mata kwanan wata ba, ka adana a aljihun tebur. Na taɓa ganin irin fayil ɗin nan. Mai kashi 51 ɗin direban ofishin da ya yi rajistar ne, bai san ko a wane titi gidan yake ba.

Wannan laifi ne, ba wayo ba. Dokar kasuwancin baƙi ta Tailan ta 1999 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 3, ko tarar da za ta kai baht miliyan 1, ko duka biyun, ga wanda ya ara sunan da wanda aka ara wa, kuma ana iya tilasta sayar da filin. Filifin na da irin wannan doka tun 1936. Takardar aljihun teburin nan kuwa, ranar da rigima ta tashi, wace kotu za ka kai ta? Da hannunka za ka miƙa wa alƙali shaidar cewa kun karya doka. Zanen aro ba ya rufe katara.

Amma ba kowane haɗin gwiwa ne yaudara ba. In abokin naka ya zuba kuɗinsa na gaske, da shaidar banki, kamfanin kuma yana da sana'ar da yake yi, otal ne ko haya, yana biyan haraji, to magana ta canza. A wasu wuraren ana iya tsara hannun jarin yadda ƙuri'arka za ta fi nauyi, sai dai ko hukuma za ta kalli hakan a matsayin kariya ko zagaye doka, ya danganta da ƙasar da kuma yadda aka rubuta. Lauyan ƙasar ne zai faɗa maka, wanda kai ka ɗauka kake biya, ba wanda mai sayarwa ya haɗa ka da shi ba.

Sannan amanar. Ban ce abokinka macuci ba ne. Amma in ya rasu, kason nasa gado ne, magadansa kuma ba su yi alkawari da kai ba. In bashi ya ci shi, masu binsa za su ga dukiya da sunansa. In aurensa ya mutu, ga wata fitinar.

Kafin duk wannan, duba ko akwai ƙofar gaba. A Tailan baƙo na iya mallakar ɗaki a bene da sunansa, matuƙar kason baƙi a ginin bai wuce kashi 49 ba, ko ya yi hayar fili mai rajista ta shekara 30, kodayake alkawarin sabuntawa bayan nan ba abin jingina ba ne. A Meziko, cikin kilomita 50 daga gaɓar teku ko 100 daga kan iyaka, banki ne ke riƙe wa baƙo gidan zama a matsayin amana na shekara 50, ana sabuntawa. A Indonesiya kamfanin jarin waje na samun haƙƙin gini na shekara 30 da ake tsawaitawa, amma ba cikakkiyar mallaka ba. Duk ba su kai daɗin "filina ne" ba, na sani.

Ai kamfani na rage haraji, ko?

Wa ya faɗa maka? A Ingila, kamfanin da ya sayi gidan zama da ya haura fam 500,000 zai biya kashi 17 harajin saye, ga wani harajin na shekara-shekara, sai in gidan na haya ne na gaske ko makamancin haka, shi ma sassaucin sai an nema. A Amurka, baƙon da ba mazauni ba dala 60,000 kawai ake yafe wa dukiyarsa ta can a harajin gado, abin da ya haura kuma harajin na iya kaiwa kashi 40. LLC, wato nau'in kamfanin Amurka da bashinsa ba ya bin mai shi, da kai kaɗai ka mallaka ba lallai ya tsare magadanka daga wannan ba. Inda kamfani ke da amfani shi ne in kuna da yawa, ko gidajen haya ne da ake gudun ƙarar ɗan haya ta shafi sauran dukiyarka.

Na kafa kamfanin shekara uku da suka wuce, ban sake waiwayarsa ba.

Kwantar da hankalinka, ba kai ne na farko ba, kuma yawanci ana gyarawa. Amma kada ka ƙara kwana. In LLC ne na Amurka mai mamallaki ɗaya baƙo, akwai fom ɗin haraji mai lamba 5472, tarar rashin cika shi dala 25,000 ce. In a Birtaniya ne kuma aka soke kamfanin saboda shirun da kuka yi, abin da ya mallaka ya koma hannun masarauta, sai an bi hanyar dawo da kamfanin rajista. Wasiƙun gargaɗin suna can jibge a adireshin wakilin da ka daina biya. Kira shi yau, ka nemi akanta, ka fara da shekarar da ta fi daɗewa.