Sashe na 6 na Yarjejeniyar Paris: Wa Ke Sayen Hayaƙin da Manomi Bai Fitar Ba?

Duk mai noman rani a bakin Shuɗin Nilu, daga Mai Wurno har Sinja, ya san inda kuɗinsa ke tsiyaya: man dizal na babur, wato injin ɗebo ruwa kamar yadda ake kiransa a nan Sudan, ba na hawa ba. Famfon sola na raba shi da wannan ɗawainiya, sai dai kuɗin sayensa na da nauyi. A nan ne Sashe na 6 na Yarjejeniyar Paris ta 2015 kan sauyin yanayi ya shigo, kuma ya shafe mu, domin Sudan ta amince da yarjejeniyar a 2017.

Sashen ya halatta wa wata ƙasa ko kamfani biyan kuɗin aikin rage hayaƙi a wata ƙasar, a ba su takardar shaida. Takarda ɗaya daidai take da tan ɗaya na iskar kabon da ba a fitar ba. Hanya biyu ce ta ciniki. A ƙaramin sashe na 6.2 ƙasashe biyu ke daidaitawa a tsakaninsu, kamar yadda Suwizalan da Ghana suka yi a 2020. A 6.4 kuwa kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ne ke rajistar aiki yana fitar da takardu. An shata ƙa'idojin a Gilasgo a 2021, aka ƙarasa su a Baku a 2024.

Ga lissafin. Litar dizal ɗaya na fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon. A ɗauka babur na shan lita 10 a yini, kwana 200 a shekara: lita 2,000 ke nan, tan 5.4. Takarda biyar da 'yan kai. Wannan ba zai biya ko kuɗin motar mai bincike ba, shi ya sa manomi ɗaya ba ya shiga kasuwar. Sai an haɗa ɗaruruwa ko dubbai ƙarƙashin ƙungiya ko kamfani. Manoma 1,000 za su tara tan 5,400.

A 6.4, aiki na farawa ne da amincewar hukumar da gwamnati ta naɗa. Sannan mai bincike mai zaman kansa ya duba tsarin, a yi rajista, a riƙa aunawa, a sake tantance alkaluman, kafin takarda ta fito. Wa'adin cin moriya shekara 5 ne da za a iya sabuntawa sau biyu, ko shekara 10 ba sabuntawa. Ana soke aƙalla kashi 2 cikin ɗari na takardun, wato 108 daga 5,400 ɗin nan. Ana kuma cire kashi 5 zuwa asusun taimakon ƙasashe su jure sauyin yanayi, amma a Baku an ɗauke wa ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba wannan cirewa, Sudan na cikinsu, sai in su suka ga damar bayarwa.

Abin da aka fi kasa fahimta shi ne, wannan ciniki ne, ba sadaka ba. Idan gwamnati ta ba da izinin mai saye ya lissafa tan ɗin a nasa alkawarin na rage hayaƙi, dole ta mayar da shi kan hayaƙin Sudan a littafinta, don kada a ƙirga abu ɗaya sau biyu. Ba a cin biki biyu da rago ɗaya. Ƙasar da ta sayar da ragi mai arha, mai tsada zai rage mata in ta zo cika nata alkawari.

A gona kuwa, takardu na zubewa ne ta ƙananan kafofi. Dole a nuna cewa ba don kuɗin takardun ba, da aikin bai yiwu ba. Wanda ya riga ya sayi solarsa da guminsa zai sha wuyar kafa wannan hujja. Famfon da ba shi da mitar da ke rubuta ruwa ko wutar da ya bayar, mai bincike ba shi da abin ƙirgawa. Ƙurar habub na rage ƙarfin farantin sola in ba a wanke ba, lakar kogi a lokacin ambaliya na cin fankar famfo ta toshe matatarsa. Sai manomi ya koma wa babur da dare, kuma duk litar da ya ƙona za a zare ta daga lissafi. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara wata: inda mai bincike ba zai iya zuwa ba, tantancewa na tsayawa.

Farashi ma ba tabbas. A tsohon tsarin Kiyoto, wato yarjejeniyar da ta gabaci ta Paris, takardar da ta kai kusan Yuro 20 a 2008 ta faɗi ƙasa da Yuro 1 a ƙarshen 2012. Don haka kafin shugaban ƙungiyar manoma ya sa hannu, ya nemi kwangilar ta fayyace wa ya mallaki takardun, nawa ne kason manomi a kowane tan, wa zai gyara inbata, wato na'urar juya wutar sola, in ta ƙone, kuma famfon na wa ne ranar da wa'adi ya cika.